Ba kullum laifin natwok ba ne: wa'adin da ake mantawa a rumbun bayanai

Duk wanda ya girka MySQL a kwamfuta ya bar shi yadda ya zo, ya amince da wata lamba da wataƙila bai taɓa gani ba: 28,800. Daƙiƙoƙi ne, wato awa takwas cif. Iya tsawon lokacin ke nan da rumbun bayanan zai zuba ido ga layin da aka buɗe masa ba a ce masa uffan ba, kafin ya gaji ya katse shi. PostgreSQL kuwa ba ya gajiya sam. In ba a yanka masa wa'adi ba, layi sai ya kwana ya wuni a buɗe, mako ya zagayo yana nan. Oracle ma haka yake zuwa daga kamfani, babu iyaka. Waɗanda suka zaɓi lambobin nan ba su san ofishin da ake ɗauke wa wuta sau uku kafin azahar ba. Amma duk inda ba a zauna an zaɓi wasu ba, da su ake aiki, ko asibiti ne, ko jami'a, ko ma'aikatar gwamnati.

Mai karatu zai iya cewa wannan hirar injiniyoyi ce, ina ruwan mai sayar da tumatir da ita. Ruwansa na nan. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke jagorantar gininta, da ita Najeriya da Nijar da Ghana ke tattara alƙaluman lafiya, kuma a kan PostgreSQL take zaune. OpenMRS, da ake ajiye tarihin marasa lafiya da ita a asibitoci da dama a Afirka, MySQL ne ƙarƙashinta. Haka shafukan jaridu da na makarantu da aka gina da WordPress. Bankuna da yawa kuma Oracle suke dogara da shi. Katin asibiti, sakamakon jarrabawa, albashin wata, kuɗin da aka tura ta waya, duk a cikin irin waɗannan rumbuna suke kwance, kuma babu wanda ke isa gare su sai ta layi.

Layin nan ba waya ba ce da ake gani da ido. Duk lokacin da manhaja ke son ta karanta ko ta rubuta wani abu, sai ta ƙwanƙwasa wa rumbu, ta faɗi suna da kalmar sirri, a ware mata mazauni da ɗan wuri a ƙwaƙwalwar na'ura. Mazaunan ƙididdigaggu ne. MySQL da 151 yake zuwa, PostgreSQL da 100, kuma a cikin ɗarin nan ma uku na mai kula da rumbu ne, an keɓe masa don ranar da abu ya cakuɗe. Lamarin kamar bencin mai shayi ne da safe: wanda ya shanye kofinsa tun ɗazu ya ci gaba da zama yana danna waya bai ci wa kowa mutunci ba, amma mai yunwa na tsaye a kansa, kuma in irinsa suka kai goma, ciniki ya tsaya alhali tukunya cike take. Wa'adin zaman banza shi ne mai shayin ya san minti nawa zai ƙyale mutum kafin ya ce masa, Malam, a ɗan ba wa wani wuri.

Lissafin ba shi da wuya. A ce wata manhajar asibiti tana da ɗan kuskure, irin wanda masu rubuta manhaja ke yi kullum: duk bayan minti uku tana buɗe layi ɗaya ta manta ba ta rufe ba. An fara aiki ƙarfe takwas na safe. Layi 151 sau minti uku ya ba da minti 453, wato awa bakwai da minti talatin da uku. Kafin la'asar ke nan mazaunai sun ƙare, alhali layin farko da aka manta bai ma cika awa takwas ɗinsa ba balle a kore shi. Daga nan duk wanda ya zo, rumbu zai mayar masa da kuskure mai lamba 1040, ma'ana layuka sun yi yawa.

A bakin tagar karɓar kati ba wanda ke ganin lamba 1040. Abin da ake gani shi ne ma'aikaciya ta danna, ta sake dannawa, wani ɗan da'ira na ta juyawa a fuskar kwamfuta, layin mutane ya kai bakin ƙofa. Dattijo ya miƙo katinsa ta ƙasan gilashi, ta ɗago ta ce, «Baba, a yi haƙuri, babu natwok.» Ya ce, «To 'yata, sai yaushe?» Ta ce sai dai a jira. Can sai a kira yaron da ke kula da kwamfutoci, ya shiga ɗan ɗakin da saba take, wato kwamfutar da rumbun ke zaune a kanta, ya kashe ya kunna, komai ya dawo, a yi ta sa masa albarka. Ita ba ƙarya ta yi ba, abin da ta sani ta faɗa. Amma intanet ɗin ofishin lafiyarsa ƙalau tun safe, kuma gobe war haka abin zai maimaita kansa, domin kashewa da kunnawa sharar benci ce kawai, kuskuren na nan inda yake.

Ba a cewa duk wani «babu natwok» daga nan yake. Igiyar intanet na tsinkewa, kamfanonin waya na samun tangarɗa, wani lokacin kuma cunkoso ne na gaske, irin wanda aka gani a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira, da jama'a suka koma tura kuɗi ta waya gaba ɗaya. Abin da ake cewa shi ne kalmar ta zama bargon da ake lulluɓe kowace irin gazawa da shi, har da wadda gyaranta layi biyu ne a fayil ɗin saiti.

Akwai kuma ciwon da ke zuwa ta ɗaya gefen, wanda ma'aikata suka fi sani da safe. An tashi aiki ƙarfe biyar na yamma, manhaja ta riƙe layukanta a buɗe tana jiran gobe. Ƙarfe ɗaya na dare awa takwas ta cika, MySQL ya rufe su ba tare da manhajar ta lura ba. Da safe wanda ya fara zuwa ya danna, sai ga kuskure mai lamba 2006, wai saba ta tafi. Ba inda ta tafi. Ya sake gwadawa, ta yi. Shi ya sa a wasu ofisoshi za ka ji ana cewa kwamfutar sai ta ɗumama tukuna, kamar tsohuwar mota. A nan wa'adin na rumbu ya yi aikinsa daidai, manhajar ce ba a koya mata ta duba layi kafin ta hau kansa ba. Abin takaici, maganin da aka fi yi shi ne a ɗaga lambar daga awa takwas zuwa kwana da kwanaki, a huta da ƙorafin safe, a sayi matsalar la'asar da kuɗinta.

Sai batun wuta, wanda shi ne ya sa lambobin da aka zaɓa a Turai da Amurka ba su yi mana daidai ba. Idan mutum ya rufe manhaja yadda ya kamata, kwamfutarsa na aika wa saba saƙon sallama, a saki mazauninsa nan take. Idan kuwa wuta aka ɗauke, ko aka juya zuwa janareta kwamfutar tebur ta mutu farat ɗaya, babu sallama. Saba na can tana zaton mutumin na nan, shiru kawai ya yi. Akwai wata dabara a tsarin sadarwar intanet ta leƙawa a ga ko na ɗaya gefen na da rai, amma ƙa'idar da aka rubuta tun 1989, mai suna RFC 1122, ta ce in ba a sauya ba kada a fara leƙen sai bayan aƙalla awa biyu. Linux haka ya ɗauka: daƙiƙa 7,200 na jira, sannan leƙe tara, kowane bayan daƙiƙa 75. A haɗa, awa biyu da minti goma sha ɗaya da 'yan kai. Duk tsawon wannan lokaci rumbu na tsaron mazaunin kwamfutar da ta daɗe da mutuwa, jiran gawon shanu.

Da mazauni kaɗai ake asara, da da sauƙi. Mafi muni shi ne layin da ya yi shiru a tsakiyar aiki. Rumbun bayanai na da ƙa'idar ko duka ko babu: in za a cire naira dubu biyar daga asusun wani a zuba a na wani, ana buɗe ma'amala ne, a kulle layukan bayanan da abin ya shafa, a yi cirewar da zubawar, sannan a tabbatar a saki makulli. Tsakanin buɗewa da tabbatarwa, duk wanda ke son taɓa waɗannan bayanai dole ya tsaya. A al'ada abin bai kai ƙiftawar ido ba. To amma a ce mai kula da lissafi ya buɗe rumbu kai tsaye daga teburinsa, ya gyara wani adadi a jadawalin albashi, bai tabbatar ba aka kira sallah, daga masallaci ya wuce cin abinci. Makullin na aljihunsa, shi ma bai sani ba. Wanda ya zo taɓa bayanan ya tsaya, na bayansa ya tsaya, kowane mai tsayuwa kuma yana cin mazauni ɗaya. A MySQL mai jiran makulli na haƙura bayan daƙiƙa 50 ya koma da kuskure. A PostgreSQL, in ba a saita ba, jira zai yi ta yi. In aka yi rashin sa'a a lokacin wani injiniya ya zo sauya fasalin jadawalin, shi ma ya shiga layi, to hatta masu son karantawa kawai sai su jeru a bayansa, ofis ya tsaya cak saboda mutum ɗaya da ke cin shinkafa a tsallaken titi.

A PostgreSQL akwai ɓarna ta biyu da ba a gani sai daga baya. Rumbun ba ya goge tsohon bayani nan take idan an sauya shi, yana ajiye shi gefe har sai ya tabbata babu wata ma'amala da ke iya buƙatarsa, sannan mai shara ya bi ya kwashe. Ma'amalar da aka bari a buɗe tun safe na iya hana sharar nan gaba ɗaya. Jadawali ya yi ta kumbura, bincike ya yi ta nauyi, faifai ya yi ta cika, a ƙarshe a rubuta wa shugaba takardar neman kuɗin sabuwar saba.

Masu gina PostgreSQL sun san da wannan. A fitowa ta 9.6, a shekarar 2016, suka ƙara saitin da ke katse layin da ya yi shiru a tsakiyar ma'amala. A fitowa ta 14, a watan Satumban 2021, suka ƙara na layin da ke zaman kashe wando ba tare da ma'amala ba. A ta 17, a 2024, suka kawo wanda ke iyakance tsawon ma'amalar kanta. Dukansu uku a kashe suke zuwa, sai mai gida ya kunna. Oracle na da nasa, IDLE_TIME, da ake ƙirgawa da minti, wanda ya wuce shi ya ga saƙo mai lamba ORA-02396 yana ce masa ya sake shiga. Rumbun MariaDB ma yana da wa'adin ma'amalar da aka yi watsi da ita. Kayan aikin na nan, kyauta, a cikin abin da aka riga aka girka. Kuma wanda ke tsoron kada katsewa ta bar kuɗi a rataye, ya kwantar da hankalinsa: idan rumbu ya katse layi, duk abin da ba a tabbatar ba warware shi yake yi, asusu ya koma yadda yake kafin a taɓa shi.

Injiniyan da ya san aikinsa zai ɗaga hannu a nan, kuma yana da gaskiya. Wa'adi gajere ma na yin ɓarna. Buɗe layi na da tsada: gaisuwa, tantance suna, ɓoye sadarwa, a PostgreSQL ma har da tayar da sabon aiki a na'ura don kowane layi. Shi ya sa manyan manhajoji ba sa buɗewa su rufe a kowace tambaya. Suna riƙe wasu layuka a ma'aji, su ara wa mai buƙata, ya gama ya dawo da shi. Shirun irin waɗannan layuka ba sakaci ba ne, jiran aiki suke. In rumbu ya dinga yanke su ba sanarwa, ciwon safen nan zai koma na kowace awa. Takardun PostgreSQL da kansu sun yi kashedi kan sa wa'adin zaman banza ga layukan da ke zuwa ta irin wannan ma'aji. Haka aikin dare da ke ɗebo bayanai, ya shafe minti arba'in yana lissafi a gefe, sannan ya dawo ya rubuta sakamako: in an katse shi a minti na goma sha biyar, rahoton wata ya lalace.

Kuma ba rumbu kaɗai ke da agogo ba. Tsakanin manhaja da saba akwai katangar tsaro da na'urorin raba hanya, kowace da nata haƙurin. Ƙofar NAT ta kamfanin Amazon na mantawa da layin da ya yi shiru bayan daƙiƙa 350, ko minti shida bai cika ba. Mai raba kaya na Azure da minti huɗu yake zuwa. Katangar Cisco ASA awa ɗaya. Wasu daga cikin na'urorin nan ba sa gaya wa kowa sun yanke, sai manhaja ta yi magana ta ji shiru, ta yi ta jira. Wanda ya kwashe rumbunsa daga ɗakin ofis ya mayar da shi sabar haya a Turai, ya bar saitinsa na da, zai sha mamakin yadda abin da ke aiki lafiya jiya ya koma maƙalewa bayan kowane ɗan hutu.

Ƙorafin injiniyan bai rushe maganar ba, tsari ya nuna mata. Agogunan nan jeranta su ake yi, kuma na manhaja ne ya kamata ya riga kowa bugawa. Ita ta san layin da ba ta buƙata, ita za ta rufe shi da sallama. HikariCP, ma'ajin layuka da masu rubuta manhaja da Java suka fi amfani da shi, yana iya sallamar layin da ya yi minti goma ba aiki, yana kuma sabunta kowane layi bayan minti talatin, masu shi kuma sun ba da shawarar a sa lambar ta gaza duk wani wa'adi da rumbu ko hanya suka gindaya. PgBouncer, shi ma ma'ajin layuka ne, minti goma yake ba layin da ke zaune. Django, wani kayan gina manhaja, daga fitowa ta 4.1, na iya taɓa layi ya ji ko yana da rai kafin ya ɗora masa aiki. Wa'adin rumbu sai ya zama na ƙarshe, mai kama abin da ya kuɓuce: manhajar da ta manta, kwamfutar da wuta ta kashe, ma'aikacin da ya tafi. Leƙen ko na ɗaya gefen na da rai kuma a sauko da shi daga awa biyu zuwa minti ɗaya ko biyu, wanda ke da fa'ida biyu, yana gano mataccen layi da wuri, yana kuma hana katangar tsaro zaton layin mai rai ya mutu.

Ba dole ba ne kowa ya sha awo ɗaya. PostgreSQL na ba da damar a sa wa kowane mai shiga nasa wa'adin, Oracle ma haka. A ra'ayin mai wannan rubutu, layin manhajar da ke hulɗa da jama'a bai da hujjar yin shiru na fiye da minti ɗaya ko biyu a tsakiyar ma'amala. Mutumin da ke shiga rumbu da hannunsa a ba shi kwatan awa. Aikin dare a ware masa suna na daban da igiya mai tsawo. Wani wurin zai ga lambobin sun yi masa kaɗan ko yawa, ba laifi, muddin an auna aka zaɓa.

Kwatan nan ba daga iska aka ɗauko shi ba. Ƙa'idar PCI DSS, wadda kamfanonin katin kuɗi irin su Visa da Mastercard suka shimfiɗa wa duk mai taɓa bayanan kati, ta ce zaman da ya wuce minti 15 ba motsi sai an sake tantance mai shi. Dalilin a fili yake. Kwamfutar da aka bari a buɗe kan rumbu, mai ita ya fita, duk wanda ya zauna a kujerar ya gaji ikonsa, kuma abin da ya yi da sunan mai kujerar za a rubuta. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Najeriya ta 2023 ba ta ƙirga minti ba, amma ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan tsaro da suka dace, ta kuma ba shi awa 72 ya sanar da hukuma in aka yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Shugaban da aka kwashi bayanan marasa lafiyarsa ta kwamfutar da ta kwana a buɗe zai sha wuyar bayyana wa Hukumar Kare Bayanai abin da ya hana shi sa wa'adi.

A nan ne maganar ta bar hannun injiniya ta koma teburin masu sa hannu. Ana ba da kwangilar manhaja ta miliyoyin naira, a yi bikin ƙaddamarwa, a yanka ƙyalle, ɗan kwangila ya karɓi cikon kuɗinsa ya tafi, ba wanda ya tambaye shi layi nawa rumbun ke ɗauka, ko me zai faru in wuta ta ɗauke wa akawu a tsakiyar aiki. Gwajin kuwa ba ya buƙatar digiri. Kafin a biya kason ƙarshe, a sa ma'aikaci ya fara shigar da bayani, a zare filogin kwamfutarsa, a koma wata kwamfutar a nemi gyara bayanin nan, a duba agogo. A bar manhajar daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin, awa 63 ke nan, a ga ko dannawar farko za ta yi. Shugabannin asibitoci, magatakardan jami'o'i da manyan sakatarorin ma'aikatu su sa waɗannan gwaje-gwaje biyu a takardar kwangila, su kuma nemi a rubuta musu lambobin wa'adin da aka saita da sunan wanda ke da alhakin duba su. Ɗan kwangilar da ya kasa kawo wannan takarda bai gama aikinsa ba, kada a biya shi.